Hannun Kawu a Kan Sitiyari

Na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. Kawu ya riga mu komawa, a Katagum inda aka haife shi, damina ta yi tsakiya.

Ban taɓa ganin manyan motoci sun taru a garin nan kamar ranar sadakar ukunsa ba, ga shi kuwa hanya duk ta jagwalgwale. Ina zaune a zaure ina kallon masu zuwa, ba sai an gaya mini wanda ya koyi tuƙi a hannunsa ba. Duk wanda ya kashe inji ya sauko, ya zagaya motarsa, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashinta kafin ya nufo mu, to ɗan makarantar Kawu ne.

Wani direba daga Gamawa ya shafa fatiha, ya share ido da hannun riga, ya ce, "Allah Ya ji ƙan Saje. Wallahi har yau in na saki kuloci da garaje sai in ji muryarsa a ƙeyata." Aka yi dariya kaɗan, irin wadda ake yi a zaman makoki a haɗiye rabinta. Wanda ya fi kowa kuka wani mai faci ne daga Shira, mutumin da Kawu ya kora daga koyon tuƙi da bakinsa. Tsohuwar da ke sayar da fura a tashar Azare ita ma ta biyo mota ta zo, ta shiga cikin gida tana faɗin yau tasha ta rasa mai tsawata wa marasa kunya.

Duk wannan ya yi mini daɗi. Abin da ya ɓata mini rai shi ne maganar da na tsinta a bayana. Wasu mutum biyu suna nuna babban ɗan mamacin da haɓa, ɗayan yana cewa, "Ka gan shi can? Har uban ya cika ba su shirya ba. Ko motarsa bai taɓa shiga ba." Na juya na dube su har suka sunkuyar da kai, amma na san magana irin wannan ba ta mutuwa da harara. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ni ɗan ƙanwar marigayin ne, babban ɗan nasa taubashina ne, kuma ina wurin aka yi komai.

Kawu bai san mota ba sai a soja. Lokacin yaƙi aka kwashe su aka kai wata ƙasa can gabas, aka koya masa tuƙi, aka ba shi tankar mai a wani filin jirgin sama inda ake horar da samarin Turawa tuƙin jirgi. Aikinsa ya shayar da jirage, sauran lokacin kuma ya zauna a inuwar tanka yana kallo. Kawu mutum ne mai ido. Da ya dawo Azare da igiyarsa ta saje, bai dawo da labaran jarumtaka ba kamar wasu. Hanyar koyarwa ya dawo da ita, kuma ya ɗora ta a kan motar gyaɗa ba tare da ya rage komai ba.

Mu a nan yadda muka gada daban ne. Yaro zai shiga hannun direba ya zama yaron mota: ya wanke bodi, ya ɗaure kaya, ya bi mota da weji, katakon tare taya, a gangare, ya kwana a ƙarƙashinta a tashar Kano. Shekaru za su shuɗe kafin wata rana maigida ya ce matso da ita gaba kaɗan. Babu mai korar ka, babu kuma mai gaya maka ranar da za ka gama. Sarkin wannan hanya a Azare shi ne Baffa, yayan mahaifina, wanda ya fara tuƙi tun motoci ba su fi a ƙirga da yatsu ba. A hannunsa na fara. Na yi aure, na haihu, ina nan dai da weji a kafaɗa. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Saurin me kake? Motar ba ta san ka ba tukuna." Ranar da 'yata ta tambaye ni ko ni ma direba ne, na tattara na koma wurin Kawu.

Makarantar Kawu wani fili ce a bayan gari, ta hanyar Gadau. Rani ɗaya yake ba mutum. Da sassafe za mu jeru kamar fareti, kowa ya zo ya taɓa abu da hannunsa ya kuma faɗe shi da ƙarfi: ruwa, baƙin mai, birki, taya. In ka faɗa ba ka taɓa ba, ka koma baya. Ya kafa karare a fili ya ce waɗannan mutane ne, duk wanda ya kayar da ɗaya sai ya sauka ya ɗauke shi ya ba shi haƙuri a gaban kowa. Na ba kara haƙuri har na gaji. Ba ya duka, ba ya zagi, amma in ya kira ka "farar hula" gara ya mare ka.

Babbar dokarsa ita ce ta miƙa sitiyari, kuma a filin jirgi ya ɗauko ta. Ya ce can malami da ɗalibi kowa da sandar tuƙinsa, to abin da ke kashe mutane shi ne kowa ya zaci ɗan'uwansa ne ke riƙe. Don haka idan yana gefenka, hannunsa ɗaya a kan sitiyari, sai ya ce, "Riƙe." Kai kuma ka ce, "Na riƙe." Sannan ya ce, "Na saki," ya ɗauke hannu. In kai ne za ka mayar masa, haka za a bi. Babu sakin sitiyari a shiru ko da sama za ta faɗo. Abin ya bi shi har cikin gida. In matarsa ta miƙo masa ƙwaryar koko, ba za ta saki ba sai ya ce na riƙe, ita kuma tana tsaki tana cewa bariki ta lalata mata miji.

Ƙarshen rani kuma sai ya yi abin da babu direban da ya taɓa yi a Azare. Ku yi nisa da gari, ya ce tsaya, ya buɗe ƙofa ya sauka, ya ce, "Je ka Gadau ka dawo. Ina nan." Ranar da ya yi mini haka na yi ta magana da kujerar da babu kowa. Da na dawo na same shi a gindin wata tsamiya inda na bar shi, bai ko zauna ba. Abin da ya ce kawai, "Ka bar ƙofarka a buɗe." A bakin Kawu wannan yabo ne.

Amma ba kowa ke kaiwa ranar nan ba. Wanda Kawu ya ga ba shi da kan tuƙi, sai ya sallame shi, babu roƙo babu aiken manya. Abin da mutane ba su cika faɗa ba shi ne ba ya barin mutum a titi. Shi zai kama hannunka ya kai ka wurin bakanike ko mai faci ko maƙeri, ya tsaya har a karɓe ka. Mai facin Shira da ya yi ta kuka, Kawu ne ya saya masa famfonsa na farko.

Taubashina ya shigo makarantar rani ɗaya da ni. Shi ne ɗan fari, kuma Kawu na mutanen da ne: bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa yi masa dariya a gaban mutane ba. "Kai" yake ce masa, in kuma ba ya nan ya ce "yaron nan." Taubashina yana da hannu mai laushi a kan giya, ya fi ni nesa ba kusa ba, na sha gaya masa haka in na gama tsokanarsa. Ciwonsa ɗaya ne. In uban na gefensa, ba hanya yake kallo ba, fuskar uban yake kallo.

Wata rana muna gangara wani kwari, shi ke tuƙi, Kawu na tsakiya, ni ina bakin ƙofa. Sai ga garken shanu ya ɓullo daga cikin sabara. Taubashina ya ɗauke hannuwansa biyu daga sitiyari ya juya ya dubi ubansa, bai ce uffan ba. Kawu ya cafke sitiyarin ya ja birkin hannu, motar ta karkace ta tsaya a cikin yashi. Ko saniya ɗaya ba a taɓa ba. Bafulatanin ya zo yana faɗa, Kawu ya ba shi haƙuri da Fulatanci har ya sauko. Sannan ya juyo ya ce, a gabana, "Kai, sauko. Ba ka da kan tuƙi. Gobe za mu je wurin bakanike." Kawu ne ya tuƙa mu gida.

Gida ya kama da wuta. Matarsa ta daina yi masa magana. Inna, mahaifiyata, ta yafa mayafi ta je ta same shi, don ita kaɗai ce ba ta tsoronsa. Ta ce, "Yaya, ɗan wani ka kora muka yi shiru. Naka ma? Kuskure ɗaya?" Ya ce, "Mota ba ta san ɗan wa ye ba." Taubashina kuwa bai jira gobe ba. Ya naɗe tabarmarsa ya tafi gidan Baffa, Baffa ya miƙa masa wejin da na ajiye.

Ni ma ban yi shiru ba. Na same shi kwance ƙarƙashin mota yana sa giris, na ce, "Kawu, wallahi ba ka kyauta ba." Na zaci zai kore ni. Sai ya ce in miƙo masa sifana, ya ci gaba da aiki, yana magana ba ya kallona. Ya ce a filin jirgi, in aka ga yaro ba zai iya ba, ranar nan yake ɗaure akwatinsa, kuma shi Kawu ake ba ƙaramar mota ya kai shi tashar jirgin ƙasa. Ya kai da yawa, wasu suna kuka kamar mata. Akwai kuma wani yaro mai fara'a da ya koyi gaisuwar Hausa a wurinsa, kullum sai ya ce masa sannu da aiki. Malaminsa yana son sa, ya ga rauninsa amma ya ƙara masa lokaci, ya sake ƙara masa, har ya sauka ya bar shi ya tashi shi kaɗai. "Shi ma ni aka aika na ɗauko," in ji Kawu. "A bargo." Ya ɗaure noti. Can ya ce, "Waɗanda na kai tasha suna can da 'ya'yansu. Gara yaron nan ya ƙi ni yana da rai."

Amma yau ina da abin cewa, kuma zan faɗa ko da yake ƙasa ta rufe masa ido: a kan taubashina Kawu bai yi daidai ba. Soja suna kora ne don yaƙi na jiransu, ga layin samari a baya, babu lokacin jiran mai jinkirin nuna. Mu a Azare gyaɗa ce ke jiranmu.

Baffa ne ya fara gaya masa haka, a tsakiyar tasha, direbobi sun kewaye su. Kawu ya ce, "Malam, kai kana riƙe yaro har ya yi furfura da weji a hannu. Wannan zalunci ne da aka sa wa rigar haƙuri." Baffa ya gyara zama a kan buhu ya ce, "Saje, kai wa ke koro ka? Yaƙin ya ƙare. Kai kana tsince waɗanda suka nuna ne ka zubar da sauran. Ni ina jira su nuna." Kawu, don ya nuna lalacin farar hula, sai ya kawo labarin wani attajiri mai tumbi da ya gani bayan yaƙi yana koyon tuƙin ƙaramin jirgi. Sai ranar da ya ga dama yake zuwa, malaminsa yana lallaɓa shi kamar amarya, abin da samarin soja ke gamawa cikin watanni shi ya kwashe shekaru. Baffa ya bari ya gama, ya ce, "To, ya faɗo?" Kawu ya ce, "Bai faɗo ba." Tasha ta ɗauki shewa, Kawu ya saɓa rigarsa ya tafi, sun yi wata guda ba sa gaisawa.

Kada a ɗauka na koma bayan Baffa. Da na zauna a wurinsa, da yanzu jikata ce ke tambayata ko ni direba ne. Mutum irina tsawa yake so da ranar gamawa. Taubashina kuwa abin da yake so a manta da shi a gefe har tsoro ya fita daga jikinsa, kuma wannan Baffa ya iya. Bai taɓa zama gefensa ya zuba masa ido ba. Sai ya ba shi sitiyari ya jingina da ƙofa ya rufe fuska da hula kamar mai barci. Shekaru suka tafi, taubashina ya sami lasin, wani attajiri ya ba shi mota, ya zama direban da mata masu goyo ke jira ko da wasu motocin sun cika sun tashi.

Uba da ɗa ba su yi gaba ba, a daina faɗin haka. Kullum da safe yana zuwa ya durƙusa ya gaida uban, uban ya amsa. Amma maganar mota ba ta taɓa shiga tsakaninsu ba, kuma gaskiya ne a shekarun nan Kawu bai shiga motarsa ba. Abin da nake gani, in taubashina ya ajiye mota a tasha ya shiga kasuwa, sai Kawu ya taso kamar mai miƙe ƙafa, ya zagaya ta, ya danna taya da ƙafa, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashi. In ya ga ina kallonsa sai ya ce, "Me kake kallo, farar hula?" Taubashina ya san da wannan, amma bai ishe shi ba. Ya taɓa ce mini, "Kai ya sauka ya bar maka mota. Ni har yau a idonsa ina cikin kwarin nan." Na so in tsokane shi kamar kullum, na ga ba wurin wasa ba ne.

Ciwo ya kama Kawu a farkon damina, ciwon ciki mai cin mutum a hankali. Da ya ga jiki ya ƙi, ya ce a kai shi Katagum wurin 'yan'uwansa. Motata tana Kano a hannun bakanike. Baffa, da yake zuwa dubiya kullum suna musu, ya ce, "Mota ɗaya ce za ta Katagum yau, ka kuma san mai ita." Kawu ya rufe ido, muka ɗauka ya yarda.

Muka ɗauko shi muka zaunar a gidan gaba, a tsakiya. Taubashina ya ja gefe ya miƙo mini makulli, don ya ɗauka uban ba zai yarda da hannunsa ba. Na zagaya zan hau wajen direba, sai Kawu ya ce, "Motar wa ce?" Na ce ta taubashina ce. Ya ce, "To me kake nema a wurinsa?" Na sauko da sauri. Sannan ya ce, ba tare da ya juya ba, "Kai. An duba?" Taubashina ya je ya taɓa kowanne ya faɗa da ƙarfi, ruwa, baƙin mai, birki, taya, a gaban fasinjoji da yaran motarsa, bai ji kunya ba.

Da muka tashi, Kawu ya miƙa hannu ya ɗora a gefen sitiyari. Hannun duk ya rame, ba zai iya juya ko murfin tulu ba, amma ya ɗora shi inda yake ɗorawa a filin bayan gari. Ni ina bakin ƙofa, amma ba hanya nake kallo ba. Idon taubashina nake kallo.

An yi ruwa da asuba, hanya ta yi santsi. Muka wuce gonaki, muka shiga fadama inda laka ke riƙe mota. A wani lanƙwasa bayan motar ya zame, ta fara tafiya a karkace tana neman rami, mata a baya suka ɗauki salati. Taubashina bai taka birki ba. Ya sassauta ƙafa, ya bi ta da sitiyari a hankali har ta miƙe, ya sauya giya ya fitar da mu kan tudu. Tun daga Azare har wurin nan bai dubi ubansa ko sau ɗaya ba.

Mun ɗan yi tafiya a kan busasshiyar ƙasa, sai na ji Kawu ya yi gyaran murya.

"Riƙe," ya ce.

Taubashina, idonsa na kan hanya, ya ce, "Na riƙe, Baba."

"Na saki."

Ya ɗauke hannun ya ajiye a cinyarsa. Kafin mu yi nisa kansa ya kwanto a kafaɗata. Na tsorata na kai kunne kusa da hancinsa, sai na ji numfashi yana fita a hankali. Barci yake. Duk direban Azare ya san Kawu bai taɓa runtsawa a motar da wani ke tuƙawa ba, har da tawa. Bai farka ba sai da muka tsaya a ƙofar gidan kakanninmu. Bayan 'yan kwanaki Allah Ya karɓi abinSa.

Wannan shi ne abin da ya faru, ni na gani da idona, kafaɗata ce ta ɗauki kansa. Duk wanda ya sake cewa ba su shirya ba, a turo mini shi.

Ranar sadakar uku, da jama'a suka ragu, Baffa ya dafa sandarsa zai miƙe, ya dubi motocin da ke jere ya ce, "Yanzu da wa zan yi musu?" Sai hawaye suka zubo masa a gemu. Taubashina ya kama shi ya kai shi mota, ya zaunar da shi a tsakiya, a wurin da uban ya zauna. Kafin ya hau sai da ya zagaya motar, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashinta.

Allah Ya ji ƙan Kawu, Ya yafe masa zafinsa, Ya saka masa da rayukan da tsananinsa ya tsare a kan hanya. Ya sa barcin da ya fara a motar ɗansa ya zame masa hutu har ranar tashi. Amin.